Gyaɗar Arzika a Bakin Sanda

Jakin ya ja ya tsaya a inda hanya ta rabu biyu, don nan ya saba karkata. Babbar hanya ta miƙe sambal zuwa rumfar 'yan kwastan da ke bakin Jibiya, inda aka gitta doguwar sanda a kan gwafanni. Ƙaramar kuwa ta saɓa hagu ta nutse cikin sabara da geza. Ita mutum ke bi in yana ɗauke da abin da ba ya son a tambaye shi.

"Yaya, kin gani ko?" Nagoggo ya ce, yana jan igiyar a hankali. "Shi kansa ya san inda ya kamata mu bi."

"Shi jaki ne," in ji Salmatu. "Kora shi gaba."

"Don Allah ki saurare ni. In muka bi ta nan, kafin rana ta yi zafi kina Farfaru, ba wanda ya gan ki."

"Mi na sato da ba za a gan ni ba?"

Ta fizge igiyar daga hannun ƙanen nata, ta dafa gindin jakin, suka hau babbar hanya. Nagoggo ya tsaya jim kaɗan yana kallon bayanta, sannan ya biyo su yana ƙunƙuni. Tun suna yara bai taɓa cin ta da gardama ba, balle yanzu da furfura ta cika kawunansu.

Jiya da la'asar aka yi ruwan shuka, na farko mai kirki a bana. Ƙasa sai ƙamshi take, dama da hagu kuwa mutane ne a gonaki, maza na sara rami da sungumi, mata na bin su suna jefa iri. Ƙasar nan rairayi ce, laimarta ba ta jiran kowa. Wanda bai shuka yau ko gobe ba, sai ya zauna jiran wani ruwan, wanda ba wanda ya san ranar zuwansa. Salmatu ta kai hannu cikin mangala ta taɓa 'yar jakar saƙin da ke ciki. Tun da suka baro gida take ta yin haka.

Gyaɗa ce ɓararriya a cikin jakar, ba ta da wani yawa, mace ma sai ta ɗauke ta a ka ta yi tafiyar yini. Amma ita ke nan abin da ya rage na irin da mutanen Farfaru ke kira 'Yar Arzika.

Arzika mijinta ne. Tun tana amarya ta tarar da shi yana shuka gyaɗa iri biyu a gona ɗaya, layi kusa da layi. Akwai farar nan ta gargajiya mai yaɗo, manta garau kamar ruwan rijiya, sai dai rowar 'ya'ya gare ta, ga jinkirin nuna. Akwai kuma ja, 'yar tsaye, wadda ya samo daga wajen Maraɗi, mai saurin nuna da cika kwando, amma manta nauyi gare shi, in aka sa a kasko sai kumfa. Wata kaka yana tugar gyaɗa ya ci karo da gindi guda wanda ba wannan ba, ba waccan ba: a tsaye yake, ya yi 'ya'ya jingim, ƙwayar kuma ruwan ƙasa-ƙasa. Ya ɗaure shi da kaba ya kawo mata gida kamar wanda ya tsinci jariri.

Daga nan aikin ya zama nasu su biyu. Kowace kaka Arzika zai bi gona gindi-gindi, wanda ya fi 'ya'ya ya ɗaure shi da kaba ya ware. Ita kuma ta ɗebi kaɗan daga kowane kashi, ta soya, ta daka, ta murza, ta matse man a 'yan ƙoƙuna daban-daban, ta rufe ta ajiye a ƙarƙashin gado har zafin bazara ya bi ta kansu. Sa'an nan ta buɗe, ta sansana, ta lasa. Wanda ya yi maƙaƙi a wuya, ko ya canza ƙamshi, ta ce a kai irinsa kasuwa, ba zai koma gona ba. Nan ne suke faɗa. Shi yawa yake so, ita mai. Akwai shekarar da ya yi kwanaki ba ya cin tuwonta saboda ta kori wani kashi da ya fi kowanne cika kwando. Suka tsufa a kan wannan gardama, gyaɗar kuma tana ƙara kyau a tsakaninsu, har ta kai masu ƙosai a kasuwar Jibiya ba sa tambayar man kowa sai na Salmatu, maƙwabta kuma na aiko da ƙoƙo a ɗiba musu iri.

Bara kuturtar gyaɗa ta sauka a Farfaru. Ganye ya murtuke ya yi rawaya, gindi ya tsugune ya ƙi girma, aka tuge ba a sami ko na miya ba. Gonar Arzika ta tafi, gonakin duk waɗanda ya ba iri suka tafi. Bayan kaka shi ma ya kwanta, bai tashi ba. Sai da ta gama takaba ta tuna da cewa shekarun baya ta taɓa ba Nagoggo iri, shi da ke zaune a garinsu na haihuwa, a ƙetaren iyaka, ƙasar da Faransawa ke mulki, inda ciwon bai yi ɓarna sosai ba. Ta je ta tarar ya gauraya shi da irin da Faransawa ke rabawa, a rumbu ɗaya. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gidansa, ta zauna tana ɓarewa tana tsincewa, ƙwaya-ƙwaya, har idanunta suka riƙa yi mata yaji, sai jiya da hadari ya taso ta ɗaure bakin jakar.

A bakin sanda mutane sun ɗan taru: masu itace, Fulani mata da ƙoren nono, wani mai raƙumi da kanwa. A gefe ɗaya, ta ɓangaren Jibiya, Barira mai ƙosai ta hura wutarta. Wanda ke ɗaga sandar dogo ne, cikin kaki da hula, yana leƙa kayan mutane yana ba su hannu su wuce. Da ya ɗago ya ga mai jakin, sai hannunsa ya tsaya a sama.

Uwaisu ne, ɗanta. Bai daɗe da samun aikin ba.

Ya sunkuyo ta ƙarƙashin sandar ya iso gare ta da sauri, ya ɗan rusuna. "Inna, ina kwana? Kawu, ina kwana? Kun zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ɗaga mana."

Idonsa ya sauka kan mangala. Ya san abin da ya kai ta ƙetare. Ya rage murya har sai da ta karkato kunne.

"Inna, ba Kawu ya gaya miki ba? An hana shigo da irin gyaɗa daga ƙasar Faransi. Tun bayan ciwon bara umarni ya zo. Irin da aka kama, wuta ake sa masa."

"Ya gaya mini."

"To mi ya kawo ki ta nan? Ki koma mararraba ki bi ta cikin geza. Yau ba mai sintiri a can, ni na sani."

"Kai ma abin da za ka ce ke nan."

"To in an tambaye ki, ki ce ta ci ce. Ki ce ta miya ce, za ki soya. Ba wanda zai bi ki gida."

Salmatu ta dube shi tun daga hula har takalmi. "Ubanka ya ƙare ƙarfinsa a kan wagga gyaɗa. Da rana ya yi, kowa na gani. Ni kuma in shigo da ita gida ta cikin ƙaya kamar kayan sata, ko in yi mata ƙarya in ce ta miya ce? Ta ƙofa ta fita, ta ƙofa za ta koma."

"Inna, aikina..."

"Yi aikinka. Ni ma nawa nake yi."

Daga cikin rumfa wani ya yi gyaran murya ya fito. Saje Manu ne, shugaban wurin, gajere mai kauri, tsohon soja da ya yi yaƙin Bama, ɗan wajen Haɗeja. Kwanan nan aka kawo shi, bai san mutanen ƙasar ba tukuna.

"Uwaisu, me ya tsayar da layi? Inna, sannu. Me kika ɗauko?"

Uwaisu ya buɗe baki, amma ta riga shi. Ta ɗaga murya yadda har mai raƙumi sai da ya waiwayo.

"Iri ne. Irin gyaɗa. Shukawa zan yi a Farfaru."

Nagoggo ya dafe kai ya koma bayan jaki. Saje ya dube ta, kamar yana ba ta dama ta gyara maganar. Ba ta gyara ba.

"To, Inna, ba zai wuce ba."

Kafin ta amsa aka ji gurnanin mota daga arewa. Wata babbar motar kaya ce, kamyo, daga Maraɗi, ta yi lodi har ta karkace, buhunan gyaɗa ne ragowar kakar bara. Mutane suka dare. Direban ya leƙo ya miƙa takarda, Saje ya duba ya ɗaga hannu, Uwaisu ya ruga ya ɗaga sanda. Motar ta wuce tana watsa ruwan kwata, ta bar musu hayaƙi.

Salmatu ta bi ta da kallo har ta sha kwana. "Waccan mi ta ɗauko? Duwatsu?"

Wasu daga cikin Fulanin suka rufe baki da gefen zane.

"Gyaɗa ce," in ji Saje, bai ji haushi ba. "Amma waccan ba za ta taɓa ƙasarmu ba. Kano za a kai ta, ta hau jirgi, ta tafi ƙasar Turawa. Gyaɗarki kuwa binne ta za ki yi a gonakin mutane."

"A gonar mijina. Daga can ta fito. Ba baƙuwa ba ce, aro na bayar na je na karɓo."

"Ni ba ni da hanyar sanin wannan."

"Ciwon da ya cinye mu bara, ta nan ya biyo? Kun ɗaga masa sanda, ko shi ma takarda ya nuna?"

Wannan karon dariyar ta fito fili. Saje ya jira ta lafa.

"Ban san ta inda ya biyo ba, Inna. Waɗanda suka aiko da umarnin ma ƙila ba su sani ba. Abin da na sani, na je garinmu da kaka na tarar da yayana yana tuge gona guda bai cika hularsa ba. In aka ce mini tare iri zai hana a sake ganin haka, zan tare, ko da ban tabbata ba. In na bar naki, da wane baki zan hana na bayanki?"

Maganar ta shige ta, don ita ma ta ga irin wannan gona, ta ga mai gonar zaune a kan kunya ya zuba tagumi. Amma ba ta saki igiyar jakin ba. Ta sa hannu ta ciro jakar daga mangala, ta rungume ta a ƙirji, ta taka zuwa sandar.

"Ni dai gida za ni."

"Uwaisu," Saje ya ce, "karɓo jakar."

Uwaisu bai motsa ba.

"Da kai nake."

Ya tako kamar mai tafiya cikin taɓo. Ya tsaya a gabanta, idonsa a ƙasa. "Inna, don Allah. Don darajar Baba."

"Kar ka sa sunansa a wanga aiki."

Ya kai hannu ya kama wuyan jakar. Bai ja da ƙarfi ba, ita ce ta fizge. Igiyar bakin, tsohuwar kaba ce, ta tsinke. Gyaɗa ta zubo, ta watsu a kan jiƙaƙƙiyar hanya, tana gangarawa cikin sawun tayar mota.

Sai muryar Barira mai ƙosai daga bakin kaskonta:

"Innalillahi! Saje, uwarsa ce fa! Ita ta haife shi!"

Saje Manu ya dubi Uwaisu, ya dubi tsohuwar, ya cire hularsa ya share goshi, ya mayar. Salmatu kuwa ba ta dubi kowa ba. Ta toshe bakin jakar da gefen zanenta, ta durƙusa a kan gwiwoyinta, ta shiga tsincewa. Kowace ƙwaya sai ta goge ta a zane kafin ta jefa. Nagoggo ya durƙusa yana taya ta, wata Bafillatana ta sauke ƙwaryarta ita ma ta sa hannu. Uwaisu ya sunkuya zai ɗauki wadda ke kusa da takalminsa.

"Bar ta," ta ce, ba ta ɗago ba.

Suka tsince duk abin da ke ɓangarensu. Saura 'yan kaɗan da suka gangara ta ƙarƙashin sanda suka faɗa ɓangaren Jibiya. Da ta miƙa hannu da ta kai gare su. Ta miƙe tsaye, ta dafa ƙugu, ta nuna su da haɓa.

"Waɗancan sun ƙetare. Naku ne. Ku yi musu abin da aka ce ku yi."

"Inna, ɗauki abinki," in ji Saje a hankali. "Ban gani ba."

"Ni na gani. Kai," ta juya ga ɗanta, "ba wuta kuka ce ba? Ga wuta can wurin Barira."

Uwaisu ya dubi Saje, Saje ya kau da kai. Ya tsugunna ya tattara ƙwayoyin a tafin hannunsa, ya tsaya yana jujjuya su da yatsa. Ya san su. Yana yaro shi ke riƙe wa ubansa kaba a gona. Ya taka zuwa murhun, ya buɗe hannu. Suka faɗa cikin garwashi suka fara tsartsar mai, ƙamshi ya tashi ya rufe na ƙosai. Barira ta juya fuska tana goge ido da bayan hannu, ta ce hayaƙi ne.

Saje ya matso kusa da Salmatu, ya yi magana yadda ita kaɗai za ta ji. "Ki juya da sauran, ba zan taɓa shi ba. Kuma ni nan kaɗai aka ajiye ni. Daji da faɗi, ban san abin da ke bi ta cikinsa ba."

Ta dube shi, har ta ɗan yi murmushi. "Har da kai? Ashe duk garin hanya ɗaya kuka sani."

Ta ɗaure bakin jakar da gefen ɗankwalinta da ta yage, ta juya jakin. Nagoggo ya yi ajiyar zuciya, don ya ɗauka mararraba za su koma. Amma ba su yi nisa ba, ana iya jin maganar mutanen rumfa, sai ta sauka daga hanya ta hau wata gona da aka share aka ƙone, ba a riga an shuka ba. Gonar ta faro daga bakin hanya ta miƙe har gindin wata tsohuwar bagaruwa, gefenta na kudu kuwa ya ƙare daidai kan dutsen da Turawa suka kafa na iyaka.

"Yaya, ina za ki? Wagga ai gonata ce."

"Gonar Baba ce."

"To, gonar Baba. Gero zan zuba mata gobe."

Salmatu ta sunkuya ta ɗebi ƙasa, ta dunƙule ta a hannu, ta buɗe. Ta riƙe siffar yatsunta. Tana ƙarama a nan take korar tsuntsaye, tun ba a san da wani dutse ba.

"Da Baba ya rasu, na tambaye ka rabona?"

"Ba ki tambaya ba."

"Yau na tambaya. Daga hanya zuwa bagaruwa."

Nagoggo ya dubi gonar. "Yaya, ki yi tunani. Nan bakin hanya ne, awaki, jakuna. Kuma abin da aka noma a nan, Faransawa cewa za su yi a kai sikelinsu."

"Ba ta sayarwa ba ce. Awaki kuma zan yi shinge."

"Daga Farfaru za ki riƙa zuwa noma? Da waɗannan ƙafafun?"

"Wa ya ce maka zan koma Farfaru? Ɗakin Inna ba yana nan ba? Ka fitar da buhunanka daga ciki."

"Ki bar ɗakin mijinki, da turminki, da masu sayen manki?"

Salmatu ta hango ɗakin a zuci, da ƙoƙunan da ke ƙarƙashin gado, da kabarin da ke bayan gari wanda ko ciyawar farko ba ta fito a kansa ba.

"Ranar da gyaɗar za ta shiga ta ƙofa, ranar zan shiga. Je ka aro sungumi, laima na gudu."

Ya tafi yana girgiza kai, ya dawo da sungumi daga wurin maƙwabcin gona. Ya fara sara, ita tana biye. Ta ɗaura jakar a ƙugu, ta jefa ƙwaya, ta ja ƙasa da ƙafa, ta danna da dunduniya. Ba ta yarda ta jefa biyu a rami ɗaya ba, iri ba shi da yawa.

"Kusa-kusa," ta ce masa. "Kar ka bar fili. Ba gero kake shukawa ba."

Rana ta ɗaga. Masu wucewa suka riƙa tsayawa suna kallo, labari ya riga ya bi hanya. Wani mai keke ya ce tsohuwa ta zautu. Wata mata da ta fito daga Jibiya ta sauko har cikin gonar ta ajiye musu ƙosai a ganye, ta ce Barira ce ta aiko, kuma ta ce a gaya wa Salmatu man da ke hannunta ya kusa ƙarewa, ta san yadda za ta yi da ita. Salmatu ta ce a gaya mata ta yi haƙuri har kaka.

Duk lokacin da ta kai ƙarshen layi ta juyo, fuskarta na kallon rumfar. Tana ganin dogon nan cikin kaki yana ɗaga sanda yana saukewa, yana ɗagawa yana saukewa. Ba ta tsaya kallonsa ba, amma ta san shi yana kallonta, don sau da yawa sai mai kaya ya yi masa magana kafin ya farga.

Suka yi azahar a gindin bagaruwa. Bayan sun tashi, saran Nagoggo ya fara yin sanyi. Yana yi yana dafa baya, ramukan suna karkacewa, ga shi ko rabi ba su kai ba. Saman ƙasar ya fara yin fari. Ta karɓi sungumin ta gwada da kanta, ta yi layi guda, kafaɗunta suka ƙi. Ta mayar masa, suka ci gaba a hankali, shi yana nishi, ita tana jan ƙafa.

Bayan la'asar aka canza masu tsaro. Ba ta ga lokacin da ya shiga rumfa ba, sai dai ta ga mutum ya sauko daga hanya cikin tsohuwar taguwa, ba hula, ba takalmi, kamar kowane ɗan ƙauye da ya ƙetaro gaida dangi. Ya tsaya a bakin gonar.

"Sannunku da aiki."

"Yauwa, ɗana, sannu," in ji Nagoggo da sauri, kamar wanda aka ciro daga rijiya.

Salmatu ta jefa ƙwaya ta danne.

Uwaisu ya tako a hankali, yana kauce wa layukan da aka rufe, ya karɓi sungumin daga hannun kawunsa. Ya gyara tsayuwa, ya sara, ya taka, ya sara. Ba sai an gaya masa tazarar ba. Nagoggo ya ja jiki zuwa inuwa ya zube. Uwa da ɗa suka yi layi guda, suka juyo, suka yi wani, ƙarfe na ƙara a cikin rairayi.

A tsakiyar layi na gaba ya yi magana, bai waiwayo ba.

"Gonar Baba ta Farfaru fa? Haka za ta kwana?"

"Ka zuba mata gero. Ka sa wake a tsakani."

"Mutane za su ce na kori uwata daga gari."

"Za su ce."

Ya sara wasu ramukan. "Gobe da safe ni ne a bakin sanda, Inna."

"Na sani. Ka tsare ta da kyau."

Suka kai gindin bagaruwa. Ya tsaya ya share zufa da gefen taguwa, ya dubi abin da ya rage na gonar, ya dubi rumfar da ke can bakin hanya, inda wanda ya canje shi ke sauke sanda bayan wani mai shanu. Jakar da ke ƙugunta ta yi sauƙi, amma da saura.

"Ko ta yi kyau," ya ce, "ko ta cika rumbu, in kaka ta zo dokar nan tana nan."

Salmatu ta jefa ƙwaya a ramin da ke gabanta, ta ja ƙasa, ta danna da dunduniya.

"Ni ma ina nan," ta ce. "Sara."